Yadda Za Ka Saita Launin Allon Kwamfutarka Kafin Ka Kai Aiki Wurin Bugawa

Wata Hajiya ta taɓa kawo mini aikin bikin 'yarta a shagona da ke kusa da kasuwar Wunti a nan Bauchi. Katin gayyata take so da babbar bana wadda za a kafa a wurin kamu. Ta zo da ƙyallen ankon a jakarta, makuba mai ɗan duhu, ta ce launin nan take so ya fito a komai. Na kwana biyu a kan aikin. A allona kuwa amarya ta fito tas, makubar ta zauna daram. Da aka bugo bana muka warware ta a ƙofar shago, Hajiya ta tsaya tana kallo, can ta ce, "Ɗana, wannan yarinyar ta wace ce? Tawa dai ba haka na haife ta ba." Fuskar amarya ta yi duhu kamar an ɗauke ta bayan magariba, makuba kuma ta koma ruwan ƙasa.

Da farko mai injin bugawa na ɗora wa laifi, har muka ɗan yi cacar baki. Sai ya buɗe fayil ɗin a tasa kwamfutar ya juyo mini da ita. Abin da ke jikin bana shi ne a allonsa. Ashe nawa allon ne ya yi ta yi mini daɗin baki. Haskensa na ƙure yake, don haka duk hoton da na buɗe sai in ga ya cika haske in rage masa. Da mudun da ba daidai ba nake awo, kuma ni na biya kuɗin sake bugawa.

Abin da zan bayyana a nan shi ne yadda ake gyara wannan mudun. Ka sa a ranka cewa allon da aka saita ba lallai ya fi kyau a ido ba. Yawanci ma ranar farko sai ka ga kamar ya dushe, ya ɗan yi ruwan ɗorawa. Ka daure masa kwana biyu, idonka zai saba.

Fara sanin allon da ke gabanka

Akwai allon da ko ka kwana kana murɗa shi ba zai faɗi gaskiya ba, gara ka sani tun da wuri. Buɗe hoton fuskar mutum, ka ɗaga kanka sama kaɗan, ka sunkuyo ƙasa, ka leƙa ta gefe. In launin yana sauyawa da motsin kanka, sama ya yi fari ƙasa ya yi baƙi, to allonka irin TN ne, wanda ya cika tsofaffin laftof ɗin da ake kawo mana na hannu. Mai aikin zane IPS ya kamata ya nema, domin shi launinsa ba ya gudu in ka karkata.

Sai maganar yawan launin da allon zai iya nunawa. Ma'aunin da intanet da yawancin manhajoji suka dogara a kai shi ne sRGB, wanda kamfanonin HP da Microsoft suka fitar a 1996. Ka nemi lambar laftof ɗinka ka duba bayanin allonta. In ka ga an rubuta 45% NTSC (NTSC wani ma'aunin yawan launi ne), wannan allon bai kai ko kashi biyu cikin uku na sRGB ba. Jan da ke cikin fayil ɗinka zai nuna maka shi kamar ruwan goro, kai kuma ka yi ta ƙara masa ƙarfi har ya wuce gona da iri a wayar mai aiki. Wanda aka rubuta wa 72% NTSC shi ne ya yi kusa da cika sRGB. Saiti ba ya ƙara wa allo launin da ba a ƙera shi da shi ba. In naka na farkon ne, shawarata ka tara kuɗi ka sayi monita ta IPS ko da ta hannu ce, ka jona ta da laftof ɗin, ka bar allon laftof don ajiye kayan aiki da duba saƙo.

Ɗakin da kake aiki

Mutane suna tsallake wannan, alhali rabin matsalar a nan take. Ido ba ma'auni ba ne mai tsayawa wuri guda. Yana bin hasken da ke kewaye da shi. Shigo shago daga ranar azahar ta watan Afrilu ka kalli allo, za ka rantse an rage masa haske. Zauna minti goma sai ka ga ya dawo daidai, alhali ba wanda ya taɓa shi.

Kada allo ya fuskanci ƙofa ko taga, kada kuma taga ta kasance a bayansa tana dallare maka ido. A gefe ya kamata ta zauna, da labule. Shagunanmu da yawa ƙofarsu a buɗe take tun safe tana kallon titi, ga hasken rana yana sauyawa daga hantsi zuwa la'asar. In ba yadda za ka yi, yanko kwali ka shafa masa baƙin fenti a ciki, ka yi wa monitar rumfa ta sama da gefe biyu. Nawa da kwalin firiji na yi shi, shekara uku ke nan yana aiki.

Duba ƙwan fitilarka. A jikin kwalinsa ana rubuta lamba da harafin K: mai 2700K ko 3000K haskensa ja-ja ne kamar na aci-balbal, mai 6500K fari ne mai ɗan shuɗi. Kada ka haɗa iri biyu a ɗaki ɗaya. Bangon da ke bayan monita ma yana da tasiri. In kore shar ne ko shuɗi irin fentin da muke so a shaguna, idonka zai riƙa ganin kishiyar launin a allo. Ruwan toka ko fari ya fi. Hoton bangon kwamfutar ma cire na ƙungiyar ƙwallonka ka sa ruwan toka zalla.

Lokacin hunturu kuwa, ƙura takan kwanta a allo cikin yini guda, ta mayar da baƙi ya zama toka-toka. Kashe allon, ka fara kaɗe ƙurar da tsumma mai laushi a bushe, sannan ka ɗan jiƙa shi da ruwa ka goge. In ka fara da gogewa da ƙarfi, yashin da ke cikin ƙurar zai karce shi. Kada ka fesa ruwa kai tsaye.

Kashe masu yi maka shisshigi

Kunna allon ka bar shi minti talatin ya ɗumama kafin ka taɓa komai. Kana jira, sai ka bi waɗannan ɗaya bayan ɗaya.

A Windows akwai Night light, mai juya allo ya yi ja-ja da dare don hutar da ido, kashe shi. A Mac sunansa Night Shift, ga kuma True Tone mai sauya farin allo gwargwadon hasken ɗaki. Duka a kashe. Haka saitin da ke ɗaga haske ko rage shi da kansa. A jikin monitar, shiga maɓallanta ka mayar da ita saitin masana'anta, ka fitar da ita daga yanayin kallon fim ko wasan gem, ka kashe duk wani abu mai suna Dynamic Contrast ko Eco. In tana da zaɓin sRGB a jerin, yawanci shi ya fi kusa da gaskiya, sai dai wasu monitocin suna kulle maɓallin haske in ka zaɓe shi. In taka ta yi haka, koma Custom ko User.

Ga wani da ya shafe mu kai tsaye. Laftof da yawa, da zarar an ɗauke wuta ta koma kan batir, sai ta rage haske ta kuma sauya yadda baƙi da fari suke fitowa don tattalin caji. A masu Intel sunan abin Display Power Saving Technology, a masu AMD kuma Vari-Bright, kowanne a cikin manhajar katin hotonsa yake. Mu da wuta ke zuwa ta koma sau nawa a yini, sai ka fara aiki da allo ɗaya ka ƙarasa da wani ba ka sani ba. Kashe shi, ka kuma sa haske ya zama lamba ɗaya a kan wuta da kan batir. Batirin zai riƙa saurin ƙarewa kaɗan, na yarda.

Sai wayar da ta haɗa kwamfuta da monita. In har yanzu VGA kake amfani da ita, mai shuɗin kai da kusoshi biyu, kuma akwai ramin HDMI ko DisplayPort, sauya. In ta HDMI ce, akwai tarko guda: wani lokaci kwamfuta takan ɗauki monitarka a matsayin talabijin, sai ta tura mata matakan haske daga 16 zuwa 235 maimakon 0 zuwa 255. Alamarsa baƙi ya ƙi yin baƙi ƙirin, komai ya zama kamar an lulluɓe shi da hazo. In katin hotonka na NVIDIA ne, buɗe manhajarsa NVIDIA Control Panel, shiga Change resolution ka nemi Output dynamic range ka mayar da shi Full. Intel da AMD ma suna da irin wannan zaɓi.

Lambobi uku da za ka riƙe

Duk saitin allo a kan abu uku yake tafiya. Na farko launin fari, wato 6500K, wanda ake kira D65. Yawancin allon da ke fitowa daga kwali farinsu ya fi haka shuɗi, domin shuɗi-shuɗin fari ya fi jan ido a kanti. Na biyu gamma, wato yadda haske ke hawa daga baƙi zuwa fari, lambarta 2.2. Na uku ƙarfin haske, wanda ake aunawa da cd/m². Monitoci da yawa suna iya kai 250 ko 300, alhali mai aikin da za a buga a takarda ko fileks, wato ledar da ake buga bana a kanta, tsakanin 80 zuwa 120 yake bukata. Takarda ba ta da fitila a bayanta. Wannan shi ne ainihin abin da ya ɓata fuskar amaryar Hajiya.

Saiti da ido, in ba ka da na'ura

Fara da haske. Ɗauki farar takardar A4 ka riƙe ta a gefen allo, ka buɗe farin shafi. In allon yana ƙyalli kamar tocila kusa da takardar, yi ta rage shi har su yi kusan kai ɗaya. Kada ka yi mamaki in ka sauko ƙasa da rabi.

Sannan ka haɗa wa kanka takardar gwaji a Photoshop ko CorelDRAW, a fayil ɗin RGB, wato R ja, G kore, B shuɗi. Yi shimfiɗa baƙa ƙirin, R, G da B duk sifiri. A kanta jera ƙananan akwatuna masu lamba 2, 4, 6, 8, 10, 15 da 20, kowane akwati lambar ta zama ɗaya a R da G da B. A gefe guda yi farar shimfiɗa mai 255, ka jera akwatuna masu 240, 245, 248, 250 da 252. A ƙasa ja doguwar layi mai tafiya a hankali daga baƙi zuwa fari. Yanzu koma kujerarka ka kalla. In akwatunan baƙi ba sa fara bayyana sai a 15 ko 20, allonka yana cinye inuwa, kuma a nan ne gashin gemu da zanen baƙar shadda suke ɓacewa. In akwatunan fari sun narke tun daga 245, maɓallin Contrast ya yi yawa, sauke shi har 250 ta fito. In ba haka ba aikin farar babbar riga duk zai shafe ba ka sani ba. Doguwar layin kuma ta tafi sumul. In ka ga ta yanke-yanke kamar matakala, ko wani yanki ya yi kore-kore wani ya yi ruwan hoda, akwai sauran aiki.

Windows tana da nata mataimakin. Danna maɓallin Windows tare da R, ka rubuta dccw. Za ta nuna maka da'irori masu ɗigo a tsakiya, ka ja ma'auni har ɗigon ya kusa ɓacewa. Gamma ke nan. Sai hoton wani mutum da baƙar kwat, inda ake so ka bambance rigar ciki da kwat ɗin, harafin X da ke baya kuma a gan shi da ƙyar. Sai wani mai farar riga, a ga maɓallanta da tattararta. Na ƙarshe sanduna ne masu ruwan toka da ma'auni uku na ja da kore da shuɗi. A nan ka yi taka-tsantsan. In sandunan sun yi shuɗi, rage shuɗi kaɗan kaɗan, ka kawar da ido zuwa farar takarda, ka dawo ka sake dubawa. In monitarka tana da nata maɓallan R, G, B, gara ka gyara a can ka bar na Windows yadda suke. Da ka gama, rubuta colorcpl a inda ka rubuta dccw ka tabbatar sabon firofayil ɗin, wato fayil ɗin da ke riƙe da saitin da ka yi, shi ne a kan monitar. Masu Mac su ma suna da irin wannan mataimaki a sashen Displays.

Gaskiyar magana, saiti da ido yana gyara haske da gamma sosai, amma a kan launin fari kame-kame ne. Kira abokin aiki ya duba tare da kai, ido huɗu sun fi biyu, kuma akwai maza da dama da ba sa bambance wasu matakan ja da kore ba su ma sani ba.

Saiti da na'urar auna launi

Wannan ita ce hanyar da babu jayayya a kanta. Na'ura ce ƙarama, ba ta kai tafin hannu ba, ana rataya ta a fuskar allo a jona da USB. Sanannu su ne Spyder na kamfanin Datacolor, da na Calibrite, waɗanda a da aka san su da sunan i1Display na X-Rite. Kuɗinta yana bin dala, kuma sai an yi oda. To amma abu ne da ake bukata sau ɗaya a wata. Mu shago huɗu muka haɗa kuɗi muka sayi guda, tana zagayawa kamar adashi, wanda ta kwana a wurinsa shi ke da alhakinta. A ajiye ta cikin kwalinta a wuri mai sanyi, nesa da ƙura da rana.

Za ka iya amfani da manhajar da ta zo da ita, ko DisplayCAL, wadda kyauta ce kuma an gina ta a kan ArgyllCMS. Cika lambobin nan uku: 6500K, 2.2, da 120, ko 100 in ɗakinka ba shi da haske sosai. Kwantar da allon baya kaɗan don na'urar ta zauna lif a kan gilashi, kada haske ya shiga ta gefe. Manhajar za ta fara nuna maka sanduna uku, ta ce ka murɗa R, G da B na jikin monita har su haɗu a tsakiya, sannan ka daidaita haske. Bayan nan sai ka cire hannu. Za ta yi ta walƙa launuka ɗaya bayan ɗaya, na'urar tana auna abin da ya fito tana kwatanta shi da abin da aka tura. Ka tabbatar akwai caji ko inbata, ka kuma hana allon yin barci, don in wuta ta yanke a tsakiya sai an koma farko.

Abin da za ta haifar shi ne fayil ɗin ICC, wato takardar shaidar allonka, mai gaya wa Photoshop yadda wannan allon yake nuna kowane launi. Sa masa suna da kwanan wata. A rahoton ƙarshe nemi Delta E, tazarar da ke tsakanin launin da aka nema da wanda aka samu. Matsakaicin da ya gaza 2 ya wadatar da irin aikinmu. In monita biyu gare ka, kowace da nata awon.

Kuskuren da na ga yara da yawa suna yi: su ɗauki wannan firofayil na monita su sa shi a matsayin filin aiki, wato Working Space, ma'aunin launin da fayil ɗinka yake bi, a Color Settings na Photoshop. A'a. Filin aiki ya zauna a sRGB. Shi firofayil ɗin monita na Windows ne, manhajar za ta ɗauko shi da kanta. Wani filin aikin, Adobe RGB na 1998, ya fi sRGB faɗi wajen kore da shuɗi mai ɗan kore, amma in allonka ba ya nuna shi, mai bugawarka kuma bai san da zamansa ba, wahala kawai za ka jawo wa kanka, hoton ya fito a koɗe.

Daga allo zuwa fileks da wayar mai aiki

Ko allo ya gyaru, tawada ba haske ba ce. Allo yana haɗa launi da ja da kore da shuɗi, injin bugawa kuma da tawada huɗu, CMYK (C shuɗi mai haske, M ruwan hoda mai ƙarfi, Y ruwan ɗorawa, K baƙi), kuma akwai launukan da tawada ba za ta taɓa kaiwa ba: shuɗi mai walƙiya, kore shar mai ƙyalli, ruwan goro mai wuta. Shuɗin RGB zalla, 0, 0, 255, in aka buga shi yakan karkata zuwa shunayya. Maganinsa a haɗa shi da hannu a CMYK, a bar M ta yi ƙasa da C da kamar maki talatin, misali C100 da M70. A Photoshop danna Ctrl da Y ka ga kwatancin yadda aikin zai fito a bugu, Shift da Ctrl da Y kuma su shafa toka a duk inda tawada ba za ta kai ba. CorelDRAW yana da Proof colors mai wannan aiki. Tambayi mai bugawarka ko yana da firofayil ɗin injinsa. In ya kalle ka kamar ka yi masa yaren China, to ga abin da ya fi.

Haɗa shafi guda mai ƙananan akwatunan launukan da aka fi nema a wurinka, makuba iri shida, ruwan hoda, ruwan zuma, ruwan madara, koren tuta, da fuskoki uku, baƙa da wankan tarwaɗa da fara. A ƙarƙashin kowane akwati rubuta lambobin CMYK ɗinsa. Ba shi ya buga maka a kan fileks ɗin da yake amfani da shi, wani kuma a kan takardar kati, don launi ɗaya ba ya fita iri ɗaya a kansu. Rataye su a shago inda rana ba ta bugunsu. Yanzu in wata Hajiya ta zo da ƙyalle, sai mu fita bakin ƙofa cikin inuwa, in ɗora ƙyallen a kan akwatunan, ita da kanta ta nuna wanda ya yi mata, in kwafi lambar. In mai injin ya sauya tawada ko ya sa sabon kan da ke fesa tawada, a sake buga shafin.

Aikin da zai tsaya a Facebook ko Instagram kuwa, fitar da shi a sRGB, a Photoshop ka yi amfani da Convert to Profile, ba Assign Profile ba, ka kuma bar firofayil ɗin a cikin fayil. In za ka tura wa mai bugawa ta WhatsApp, tura shi a matsayin takarda, wato Document, don in ka tura a matsayin hoto za ta matse shi. Mai aiki zai duba a Tecno ko Infinix ko Samsung ɗinsa, wayoyin da yawanci an ƙara wa launinsu gishiri tun daga masana'anta, ya kira ka ya ce jan ya yi yawa. Kada ka taɓa saitin allonka saboda wayar wani. Ce masa ya leƙo shago, ko ka buga masa ɗan guntu ya gani kafin a saki babban.

Fitilar allo tana tsufa, don haka a maimaita awo duk wata ɗaya ko biyu, da duk lokacin da ka sauya wurin zama ko ƙwan fitila. Ni ina rubuta lambobin haske da R, G, B a 'yar takarda in manna a bayan monita tare da kwanan wata. Maɓallan gaba kuma na liƙe su da salatif, tun ranar da na dawo daga sallar la'asar na tarar yaron shagona ya ƙure haske yana kallon ƙwallo.